Kula Ta Uku

Ana gobe Kirsimeti Rifkatu ta kira ni,
ta ce, Isiyaku, Kekenka da mai?
Na ce akwai na zuwa, na dawowa sai Allah.
Ta ce ya isa, ka sauko Kakuri da asuba.

Na same su a bayan katangar tsohuwar masaƙa,
mata bakwai, murhu huɗu,
hayaƙi ya mai da idon kowa ja.
Shinkafar ba ta mutum ɗaya ba ce:
mudu biyu na Dogara mai walda,
guda na wata malama da albashinta bai shigo ba,
sauran an tattaro da kofi da kofi.
Hajiya Turai ta aiko manja a gorar ruwa,
ta ce kada a ambaci sunanta.
Ga shi na ambata. Ta yafe ni.

Ban iya girki ba, sai aka ba ni albasa.
Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka sace mini babur.

Kula uku muka ɗora, biyu shinkafa, ɗaya miya.
Rifkatu ta rungume ta ukun a cinya kamar jika,
kowane rami sai ta ce, a hankali, ɗan nan,
naman ciki ƙidayayye ne.
Muka haye gada, kogi ya janye a ƙasa,
duwatsunsa a waje kamar haƙarƙarin saniyar rani.

Ba marasa lafiya muka je wa ba,
su suna da gado da mai duba su.
Masu jinya muka je wa,
waɗanda ke kwana a baranda bisa kwali,
kuɗin abincinsu ya tafi wajen allura.

Can ƙarshen barandar wani dattijo,
rigarsa ta tsufa amma da karin guga,
ya ga faranti ya kau da kai.
Na ƙoshi, in ji shi.
Cikinsa ya ƙaryata shi da ƙarfi, har na ji kunya.

Ni da zan roƙe shi.
Rifkatu kuwa sai ta dafe ƙugu,
ta ce, wayyo bayana!
Baba, ko za ka riƙe mini ludayin nan?

Ya dube ta, ya dubi ludayi.
Ya naɗe hannun riga.

Ashe kwanansa goma sha tara a wurin,
ya san kowa fiye da littafin nas.
Waccan daga Kachia take, tun jiya ruwa kawai ta sha.
Yaron nan uwarsa na ɗakin tiyata, ku ƙara masa nama.
Wancan ya karɓa ɗazu, amma ku ƙyale shi,
na ƙanwarsa ne yake ɓoyewa a leda.
Faranti sittin da wani abu,
hannunsa bai yi rawa ba sai a na ƙarshe.

Da kula ta yi ƙasa Rifkatu ta ce,
dokar kicin ɗinmu ce, Baba, ba ni na kafa ba:
wanda ya yi rabo shi ke share gindi.
Ban taɓa jin dokar ba.
Ita ma na tabbata a nan ta fara jin ta.

Ya ja kular miya gefe, ya juya mana baya,
ya yi bisimilla a hankali.
Muka shagala da tattara cokula
fiye da yadda cokulan ke buƙata.

A dawowa man ya ƙare a tsakiyar gada.
Muka sauka muna turi, ni da mai ciwon bayan ƙarya,
kuloli na ƙwaram-ƙwaram a baya,
masu motoci na hon, ita tana dariya har da tari.
Ta ce, da Babbar Sallah murhu a ƙofar gidanka,
ka fara yi wa Zulai bayani tun yanzu.

Sai da muka kai Kakuri muka ƙirga kaya.
Ludayi babu.
Mun baro shi a hannunsa
lokacin da yake tambaya gobe ƙarfe nawa.